Sabulun da Kika Aike Ni

Samaru, 9 ga Mayu, 2006

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafarki, yaya mutanen Dogarawa? Yaya 'yata Marvellous, haƙorin ya fito?

Mama, na ga sabon likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce ƙwayoyin da na yi shekaru ina haɗiya ba na ciwona ba ne. Na wani ciwon ne, wanda mutum ke yin makonni cikin zumuɗi ba barci, sannan ya yi makonni a kwance cikin baƙin ciki. Ni kuwa kin san ni. Da safe in rungume ki, kafin tuwo ya nuna na zage ki, don kawai kin ɗauki gyale. Ba na jin muryoyi kamar Henry ɗan maƙwabtanmu, ban taɓa manta sunana ba. Aljanin da kuka kwana uku kuna kora a coci ma babu shi.

Ya ce abin da ke cina tsoro ne, tsoron a tafi a bar ni, kuma maganinsa zama ne da magana, ba ƙwaya kaɗai ba. Ya ce irina na iya riƙon ɗa. Sai na tuna yadda kike aike ni sayen sabulu duk ranar da za ki yi tafiya, wai don kada in yi kuka. In dawo da gudu, ɗaki wayam. Har yau ban yafe ba, gara in faɗa.

Ki kawo mini Marvellous ranar Lahadi. Wata biyar ke nan kuna riƙe da ita. Idan za ku koma, ki dube ni ki ce kun tafi. Zan yi kuka, amma ba zan fasa komai ba.

Ubangiji ya kiyaye ki.

'Yarki,
Christabel

Samaru, 15 ga Mayu, 2006

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan kun isa gida lafiya.

Na gode da kuka zo jiya. Na yi mata kitso, ta ci shinkafa a hannuna, ta yi barci a cinyata. Da kika ce in je bakin titi in sayo sabulu a wanke mata riga, har zuciyata na yarda, domin na san kin karanta wasiƙata. Ina mace mai shekara ashirin da takwas, na tafi da gudu.

Na dawo na tarar da tabarma kawai. Ban fasa komai ba. Ki tambayi Oby mai ɗakin kusa.

Ita ce ta gaya mini abin da kika faɗa wa yarinyar da ta farka tana nemana, wai Mamanta ta je sayen sabulu, yanzu za ta dawo. Na san inda take yanzu, Mama. Tana bakin ƙofa tana leƙen hanya. Ni ma a nan na fara.

Sabulun yana nan, ban buɗe ba.

Christabel