Na'urar da Ta Fi Mati Murya

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Rafin Kanya, Alhaji Lawal, da 'yan kwamitinsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarku da ta iyali, da aiki, da haƙurin wannan zamani da Allah Ya nuna mana. Allah Ya sa mu ga bayansa lafiya.

Ni ne Audu na bakin rijiya, abokin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malamin firamaren da ya ba ni ɗaki a gidansa nan Batsari shi ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na gaya masa kada ya sassauta mini magana. Na sha aika maka saƙo ta bakin mutane, kullum amsar ita ce ana duba lamarin. Shi ya sa na ce a rubuta wannan a saka inda 'yan garinmu na kusa da na nesa za su gani.

Saboda yaran da suka tashi a gudun hijira, bari in faɗi mafarin. Gonakin Rafin Kanya ba su da takarda. Iyakarsu itace ce, da dutse, da layin gamba, da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Tun da ɓarayin daji suka tashe mu, wasu muka faɗo Batsari, wasu Safana, gonakin suna can kwance. Gamba ta bazu ta haɗe, masu gawayi sun sare itatuwa. Mu biyu muka rage da ake kira in an zo rabon gado ko rikicin iyaka: ni na riƙe kudu da fadama, Mati ya riƙe arewa, daga bayan dutse har burtali. Kai ka kawo shawarar a sayi kwamfuta, a sa mata hoton ƙasarmu da aka ɗauka daga sama, mu zauna gabanta mu nuna da sanda muna faɗa, ita kuma ta ɗauki hoto da murya. Shawara ce mai kyau, ɗana, har gobe ina faɗa. Ga inda ta karkace.

Na ɗaya, ranar zaɓi.

Mai shagon da kuka ɗauko daga Katsina ya zo da na'ura biyu, aka sauke su a ajin makaranta. Mutumin bai ɓoye mana komai ba. Ya ce bambancinsu a ƙwaƙwalwa yake. Ƙaramar, ta tebur, an yi ƙwaƙwalwarta don mutum guda ya zauna gabanta ya yi aikinsa ya kashe, ba ta cin wuta sosai, farantin sola da batir sun ishe ta. Babbar, wadda ya kira saba, an yi tata ƙwaƙwalwar don mutane da yawa su shiga lokaci guda daga nesa, ba ta barci dare da rana, kuma gidanta na asali ɗaki ne mai sanyi da wuta ba yankewa, irin na banki da manyan kamfanoni. Da yake ta hannu ce, an yi aiki da ita a wata ƙasa, kuɗinta ya zo kusan ɗaya da sabuwar ƙaramar. Sannan ya yi tambaya: wa zai yi aiki da ita, kuma ina wutarku? Na ji tambayar da kunnena. Ban ji wanda ya amsa ba.

Abin da aka yi shi ne, aka ɗaga su. Ƙaramar, mutum guda ya cira ta da hannu ɗaya, babbar sai da ƙarti biyu suka kama. Aka tada janareta aka kunna ta, ta yi shiru kaɗan, sai ta ɗauki kugi kamar za ta tashi sama. Ajin ya kaure da tafi. Mu mutanen injin niƙa ne da babur, da ƙara muke gane lafiyar inji, wanda ya yi laƙwas mu ce ya gaji. Haka muka auna ta. Kai kuma ka ce da ita ɗan garinmu da ke Legas ko Kano zai ga gonar ubansa a wayarsa, yana zaune inda yake. Ban ce wannan buri wauta ba ne. Amma aikin da ke gabanmu ran nan tsofaffi biyu ne da ke son a ji su kafin su mutu.

Tambaya ɗaya na yi, na ce za ta ji muryar tsoho? Sakatarenka ya ce, "Baba, wannan ko sauro ya yi atishawa can ƙauyen Yasore sai ta ɗauka." Aka yi dariya, aka mayar da ƙaramar cikin mota.

Na biyu, wuta.

Kun kama shago kusa da tasha kuka ajiye ta. Ta nuna halinta tun makon farko. Ba ta farkawa da wuri, sai ta gama 'yan bincike-bincikenta, kuma sau da yawa kafin ta buɗe ido an ɗauke wuta. Aka gwada ta da solar masallaci, ta shanye batir kafin mu gama gaisawa, ran nan da fitilar waya aka yi isha'i. Aka koma janareta, sai aka hana sayar da mai a jarka saboda tsaro. Sai kuma aka rufe layukan waya a yankinmu baki ɗaya, mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar ɗansa. Mutanen Legas ɗin da aka saye ta dominsu, ko ɗaya bai taɓa leƙa ta ba. Da aka buɗe layin, mai ya yi tsadar da ko mai babur sai ya yi tunani kafin ya tada. Ba ku kuka kawo waɗannan ba, na sani. Amma ƙaramar ba ruwanta da layin waya, ba ruwanta da jarka.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni: ranar Mati.

Bayan kaka aka samu zama. Masu babura suka taimaka, kowa ya tsiyayo kwalbar mai daga tankinsa. Aka ɗauko Mati daga Safana, gidan ɗiyarsa, an sa shi tsakanin mutum biyu a kan babur don ba ya iya riƙe kansa. Tari ya riga ya cinye masa murya. Ko da lafiyarsa ma, maganar iyaka ba da ihu ake yinta ba, a hankali ake faɗa, masu gonar biyu suna zaune, don kada ta zama gori. Shagon ƙarami ne, na'urar tana ciki tana kuginta, janareta yana bakin ƙofa saboda wayar wutar gajera ce kuma ana tsoron ɓarawo.

Mati ya zauna tun hantsi har aka kira azahar. Ya gane kukar gidan Tanko a hoton kafin a nuna masa, ya yi murmushi, ya ɗora sanda. Daga nan ya bi gonakin arewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan Tanko suna nan, 'ya'yan Bawa maƙwabtansu suna nan. Na kusa da shi suna tsintar kalma ɗaya su rasa uku, amma ba wanda ya matsa, ba wanda ya ce a maimaita, domin kowa ya saki jiki cewa na'ura tana ji. Da a gindin itace ne, da kowa ya kafa kunne ya haddace nasa. Ni kaina ƙarar ta kore ni waje, na zauna kan benci ina taunar goro, hankalina kwance.

Da aka kunna mana abin da ta ɗauka, ga Mati nan tsaf, ga hularsa, ga sandarsa tana yawo a kan hoto, ga bakinsa yana motsi. Abin da ke fita kuwa kugi ne, daga farko har ƙarshe. Aka ce ba komai, za a sake in an samu mai. Mati bai kai azumi ba.

Na sa an sake kunna mini bayan rasuwarsa, na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin, ina kallon leɓɓansa ko zan karanta. Mutumin da muka yi kiwo tare, muka yi gayya tare, na san yadda yake karkata baki in zai ce Bawa. Ban iya ba. Sandar tana nuna wuri, amma ba ta faɗin wace gona ce gado, wace ce saye, wace ce jingina, wace ce aro aka bayar don zumunci. Wannan duk a murya yake. Da aka kira mai shagon na Katsina, cewa ya yi irin wannan na'ura ba a zama ɗaki ɗaya da ita, ana rufe ta can nesa ne, a sa ƙarama a gaban mutane. Ashe ko da babbar, sai da ƙaramar.

Na huɗu, musaya.

Mai shagon ya yarda ya karɓi kayansa ya ba mu ƙaramar da farantinta. Da bakinsa ya gaya wa malamin da ke rubuta wannan. Kwamiti ya ƙi. Dalilin da ya iso kunnena shi ne an riga an yi bikin ƙaddamarwa, an ɗauki hoto, an aika wa waɗanda suka ba da gudummawa, yanzu a ce an koma ƙarama abin kunya ne. Alhaji Lawal, na san kunya, da ita na girma. Amma na je shagon da kuka ajiye ta na gani da idona: an lulluɓe ta da zanen gado, mai gadi yana ɗora kwanon abincinsa a kai.

An ce mini in daina wahalar da mutane, in faɗi nawa a wayar wani a wuce wurin. Sakatarenka ya ce taurin kaina ya fi na jakin da ya ga gada. Ya yi gaskiya, kuma ba zan faɗa a waya ba. Waya ta mutum guda ce, mai ita shi ke da shaida, ya yanke inda bai yi masa daɗi ba, ko a tare shi a hanya a karɓe. Idona ba ya ganin gona a gilashin da bai kai tafin hannu ba. Kuma ban taɓa faɗin iyaka a bayan idon mai ita ba, ba zan fara da furfura ba. Kayan jama'a nake so, a ɗakin jama'a, masu gona suna zaune.

Ga abin da jinkirin ya fara haifarwa. Hanya ta ɗan lafa, mutane sun soma zuwa sharar gona da rana su dawo kafin la'asar. 'Ya'yan Tanko da na Bawa sun kama rigar juna a kasuwa, mutanen da uwayensu suka yi daka a turmi ɗaya, kowanne yana rantsuwa ga abin da ya ji Mati ya faɗa ran nan. Sun zo wurina. Na ce musu arewa ba tawa ba ce, ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Sun tafi suna jin haushina su duka. A fadama kuma, inda na sani, ga Larai matar marigayi Sale da marayunta. Ɗaki ɗaya suke haya a bayan kasuwa, ƙosai take soyawa. Gonar mijinta da ƙanensa yake nomawa aro ce, a gabana aka ba shi shekarar da matarsa ta yi doguwar jinya. Yanzu ya fara kiranta tasa. Ina raye ba zai faɗa a gabana ba. Jira yake yi, kuma ba shi kaɗai ba.

Don haka ina roƙon kwamiti, da girman Allah:

A mayar da babbar a karɓo ƙaramar da solarta, tun mai shagon bai sake shawara ba. Wanda ya ba da gudummawa ya tambaya, a ce masa Audu ne ya matsa, a turo mini shi.

A sa ta ɗaki mai shiru. Kafin in buɗe baki kan gonar kowa, a ɗauki gaisuwata a kunna mini in ji da kunnena.

A riƙa kiran masu gona bibbiyu ranar kasuwa, tunda ranar ce kowa ke shigowa. A fara da Larai.

Hoton Mati kuma kada a goge. A juye shi a ba ɗiyarsa, ba ta da wani hotonsa.

In lokaci ya zo da wuta ta zauna, layi ya zauna, jikokinmu suka so babbar don na nesa su leƙo, su saya, Allah Ya sa albarka. Ni ba gaba nake da ita ba. Ba a yi ta don ɗakinmu ba ne kawai.

Abu na ƙarshe, ba barazana ba ce, sanarwa ce don kada a ce ban faɗa ba. Idan ruwan shuka ya sauka ba a yi komai ba, zan hau bayan babur in tafi Rafin Kanya, in taka iyakokin fadama da ƙafata, duk mai gonar da ya iya ya biyo ni ya ji. 'Ya'yana sun ce hanyar ba ta tsoho ba ce, wanda bai iya gudu ba. Na san haka. Amma gara in faɗa a can, ko rabi ne, da in kwanta da shi nan ɗakin aro.

Allah Ya yi maka jagora, ɗana, Ya ba ka ikon gyara, Ya raba ka da jin kunyar abin da ba na kunya ba. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya jiƙan Mati, Ya mayar da mu garinmu muna masu gane gonakinmu da junanmu.

Wassalam.

Naku,
Audu na bakin rijiya,
mutumin Rafin Kanya, mazaunin Batsari.