Makullin Durowar Almakashi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan jikin da sauƙi, da fatan kuma nas-nas ɗin nan sun rage miki wuri a hannu inda ba su soka allura ba. Mu nan lafiya lau. Direban nan maƙwabcinki ya ce duk ranar Laraba yana bi ta ƙofar asibitinku. Tunda robar da aka sa miki a maƙogwaro ta hana ki magana a waya, sai mu koma takarda kamar mutanen da.

Wata biyu ke nan da na tare a gidanki don in riƙe miki yara, amma in gaya miki gaskiya, ni ake riƙewa. 'Yar Shirunki ta tashi daga 'Yar Shiru, ni yanzu Kwamanda nake ce mata. Yarinyar da ke laɓewa bayan kekenki in masu kawo ɗinki sun shigo, wadda za ki aika kanti ta dawo hannu rabbana don ta kasa buɗe baki, ita ce ta manna takardar rabon aiki a ƙofar kicin. Auta shara, ita girki, ni wanke-wanke. In na dawo daga gidan burodi ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai ta ce, "Anti, sannu da aiki. Ki huta minti goma, kwanuka na jiranki."

Kin tuna lokacin da kika sa ta a sikawut, na yi ta miki dariya ina cewa me 'ya mace za ta yi da koyon ƙulla igiya? To, na janye maganata. Ranar Asabar na je filin makarantarsu, aka naɗa ta shugabar rukuninsu, 'yan mata takwas. Wadda ke riƙe da su za ta bar garin ne. Ashe su a wurinsu shugaba ba ta tafiya haka kawai. Sai ta yi mako huɗu tana koya wa mai gadonta aiki, kowane mako abu guda. A mako na huɗu ake miƙa usur, hannu da hannu, ana kallon juna. Malamarsu ta ce ko shugaba na kwance ba lafiya ba a aikowa da usur, sai dai a je har inda take. Da aka rataya wa 'yarki, ta yi magana gaban iyaye fiye da hamsin, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ni ce ma na yi abin kunya, na yi ta sharar ido da bakin mayafi.

Kullum sai ta tambaye ni yaushe za a sallamo ki. Me likita ya ce?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na samu takardarki, na gode, Allah ya bar zumunci. Wannan da ke cikin ambulan mai manne taki ce ke kaɗai. Ɗayar ki ba 'Yar Shiru.

Jiya likita ya zauna a bakin gadona, abin da bai taɓa yi ba. Ya nuna min hoton. Ciwon ya wuce maƙogwaro, ba za a sake yin aiki ba. Abin da ya rage maganin rage zafi ne. Ban rubuta masa a ɗan allon da nake magana da shi in tambayi wata nawa ba, shi ma bai faɗa ba, amma ya daɗe yana daidaita takardun da ke daidai tun farko.

Kada ki gaya mata. Na san halinki, bakinki ba ya riƙe ko zafin shayi, amma wannan karon ki riƙe. Dokar ɗakin nan ita ce ba a shigo da wanda bai kai shekara sha biyar ba, sai in majinyaci ne da kansa ya nema. Ki faɗa mata rabin farko, ki bar ragowar. Saura wata bakwai ta cika sha biyar. Na ƙirga a yatsuna, ƙanwata. Ba zan kai ba.

Kada ki ce min mugunta ce. Ke kin gan ni watan jiya, kuma ba haka nake yanzu ba. Zoben hannuna ya faɗi da kansa. In na yi tari sai an zo da na'ura an zuƙe robar, sautin kuma ni kaina ba na son jinsa. Yarinyar nan shekara goma sha uku ta yi tana tsoron inuwarta. Yanzu da ta samu ƙafar tsayuwa, ba zan zama abin da zai kayar da ita ba. Tun rasuwar babansu ba abin da na iya kare su daga gare shi sai wannan.

Zan riƙa aiko mata da 'yar takarda duk mako, in gaya mata abubuwan gidan da ke kaina ni kaɗai. Ba za ta gane komai ba, za ta ɗauka mitar uwa ce.

Ki yi min addu'a. Ba na jin tsoro sosai, sai in na tuna Auta bai iya ɗaura takalminsa ba.

Yayarki

*

'Yar Shiruna,

Ina gaishe ki, ina gaida Auta. Na ji labarin usur. Da ina da murya da duk ɗakin nan sun gaji da ni.

Ga wani ɗan aiki. Kada ki bar kekena ya yi tsatsa. Man yana cikin gwangwanin madara a kan taga. Ɗigo ɗaya a kowane rami, su biyar ne, na biyar yana ɓoye ƙarƙashin farantin allura. Sai ki taka shi a kan tsumma har ya daina kuka. In bel ɗin ya saki, kada ki bari Antinki ta taɓa, da haƙori take gyara komai.

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

*

Umma,

Ina kwana, ya ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Auta ya ce in gaya miki haƙorinsa na gaba ya fita, ya ajiye miki shi a kwalin ashana.

Na sa wa keke mai. Ramin na biyar ya ba ni wuya amma na same shi. Yanzu ba ya kuka.

Umma, shugabanci da wuya ashe. Akwai wata a rukunina, Ƙarama muke ce mata, ba ta magana ko kaɗan. Sauran suna cewa a bar ta, ba ta da amfani. Ni na san abin da ke cikinta, don na taɓa zama a ciki. Sai na ba ta aikin ƙirga mu in za mu tashi da in mun iso. Dole ta faɗi lambar da ƙarfi. Ranar farko ko ni ban ji ba. Jiya har Malama ta juyo.

Na iya ƙulli goma sha biyu yanzu. Na iya tsayar da jini, na iya ɗaure karaya kafin a kai asibiti, na iya kwantar da wanda ya suma. Malama ta ce in abu ya faru shugaba ba ta fara da kuka, tana fara da tambaya: me ya faru, wa ke nan, me ke hannunmu.

Anti ta ce doka ta hana ni shiga ɗakinku. Ba za a iya roƙonsu ba? Ko minti biyar ne. Zan sa kayan sikawut, ana cewa ina fin shekaruna a cikinsu.

Ki gaida maƙwabciyar gadonki.
'Yarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan tambaye ki jiki ba, don na ga yadda rubutunki ya koma.

Kin ɗora min abin da ya fi ƙarfina. Mako uku ke nan ina cin abinci da yarinyar nan a faranti ɗaya ina kallon bango. A wurin aiki na ƙona tire biyu na burodi a yini guda, mai gidan ya tambaye ni ko aure zan yi. Na yi dariya, na shiga bayan buhunan fulawa na yi kukana.

Takardunki duk sun iso, ta keke, da ta inda kika ajiye takardun haihuwarsu da na gidan, da ta maganin Auta. Ta manna su a littafinta na sikawut, ta sa wa kowace lamba, ɗaya, biyu, uku. Kin san ta da tsari yanzu.

Ta maganin ma ta yi amfani. Shekaranjiya da la'asar numfashin Auta ya sarƙe yana wasa a tsakar gida. Ni na ruɗe, ina ta zagaye ɗaki ina neman mayafi. Ita ko ta zaunar da shi, ta jingina shi a ƙirjinta, ta sa masa abin shaƙa tana ƙirga masa a hankali kamar yadda kika rubuta. Ta ce min, "Anti, buɗe taga, sannan ki tsaya inda zai gan ki." Na yi yadda ta ce. Da ya dawo daidai ya yi barci, na neme ta na rasa. Can na same ta a bayan gida wajen igiyar shanya, tana tsaye ita kaɗai, ta ba ni baya.

Ba ta juyo ba ta ce, "Anti, da can in Umma ta ba ni aiki cewa take yi, kafin in dawo. Me ya sa ta daina?"

Na ce ƙila mantuwa ce. Ta ce to. Tun ranar ba ta sake tambayata yaushe za a sallamo ki ba, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Yaya, ni ba ni da maganin ciwonki, ba ni da bakin gaya mata, ba ni da ƙarfin ci gaba da yi mata ƙarya. Don girman Allah ki bari in kawo ta. Ba yarinyar da kika bari ba ce.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na karanta. A'a. Ki yafe min. Ki ba ta wannan ambulan, akwai abu a ciki, kada ya faɗi.

Yayarki

*

'Yar Shiruna,

Gaisuwa gare ki da Auta. Na ji abin da kika yi masa. Kin fi ni, ni ranar farko da ya yi haka ihu na yi.

Ga makullin durowar keke, wanda ke wuyana kullum. Babban almakashina na ciki, wanda na hana kowa taɓawa. Yadi kaɗai ake yankawa da shi, ban da takarda, ban da gashin Auta. In ya dushe ki kai wa tsohon nan mai wasa wuƙa na bakin kasuwa, shi kaɗai, sauran ɓata shi za su yi. Ki riƙe shi da kyau. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita, na san ba kya yi.

Allah ya tsare min ke.
Ummanki

*

Umma,

Ina wuni. Nas mai tabarau ce za ta ba ki wannan. Ina waje, a kan bencin da ke bakin ƙofar ɗakinku. Motar direban nan maƙwabcinmu na biyo.

Kada ki yi fushi da Anti, ba ta gaya min komai ba. Makullin kawai na nuna mata, ta zauna a ƙasan kicin ta rufe fuska. Auta na wurinta.

Umma, mako huɗu, kowane mako abu guda, a na huɗu a ba da abin da ke rataye a wuya. Haka aka yi min kafin a ba ni usur. Tun a takarda ta biyu na fara zargi, na yi ta roƙon Allah kada ta huɗu ta zo.

Na tambayi nas dokar gaba ɗayanta, ta faɗa min ragowar. Na tambayi likita ma, na tsaya a gabansa ban sunkuyar da kai ba. Ya amsa min. Na yi tambayoyin nan uku da Malama ta koya mana. Na san me ya faru, na san wa ke nan. Ta ukun ce ba ni da amsarta. Duk abin da na koya babu ko ɗaya da zai yi miki amfani, na duba littafina tun daga farko har ƙarshe a mota.

Ga makullinki a cikin takardar nan, na mayar. Ba ƙi na yi ba. Amma ba a aikowa da shi. Hannu da hannu ake yi, ana kallon juna, ko mai bayarwa na kwance.

Ba zan ji tsoron robar ba. In ma na ji, zan tsaya. Nas ta ce ba sai kin rubuta komai ba, kai kawai za ki ɗaga mata.

Direba zai juya ƙarfe huɗu. Na ce masa kada ya jira ni.

'Yar Shirunki