Gurnanin Tsohuwa

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya mutanen kamfaninku? Mamanki tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Akwatin da kika ƙera ya iso. Na ɗaga shi da hannu ɗaya ina mamaki, wai wannan ɗan abin da bai fi takalmina girma ba shi zai kwaikwayi amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita da sai ƙarti biyu sun ɗauka. Na jona jita, na taka maɓallin farko, sai ga muryar amfilifayar kawunki Bahago tsaf, har da amon nan nata da ke jan jela bayan an saki tsirkiya. Na taka sauran, duk muryoyin baƙi ne. Na duba sama da ƙasa, babu Tsohuwa.

Haba Auta, Tsohuwa fa! Amfilifayata da kike jingina da ita ki yi barci saboda ɗumin fitilunta. Na san Bahago aminina ne tun muna samari, na kuma san shi ya koya miki riƙe jita, amma ai ni na haife ki. Jiya ya zo bakin shago baki har kunne, yana nuna wa mai aski da mai gyaran agogo sunansa a jikin akwatin. Na yi dariyar yaƙe, na ce kaina ke ciwo, na shige ciki. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaishe da duk na kusa.

Babanki, Mai Jita


Zuwa ga Injiniya Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai mamanki ta ce na koma kamar yaron da aka hana alewa.

Na karanta bayaninki, na sake karantawa. Kin ce muryar ta Bahago tsabtatacciya ce, ba ta wahalar da ƙwaƙwalwar na'urar. Ita kuwa Tsohuwa, in na daki tsirkiya da ƙarfi sai ta shaƙe, ta yi gurnani, sannan ta farfaɗo, kuma kwaikwayon wannan yana cin lissafi mai yawa. In kika matsa wa ƙaramar ƙwaƙwalwa, sauti zai riƙa makara, yatsa ya taɓa, kunne ya jira. In kika sa babba, za ta yi zafi, sai an sa fanka, ƙarar fanka ta shiga makirufo, batir ya mutu da wuri, akwatin ya yi nauyi. Na gane, ba a banza na tsufa cikin wayoyi ba.

To amma abin da na ji a raina shi ne, tasa mai sauƙin hali ce, tawa mai wuyar sha'ani, sai kika zaɓi mai sauƙin. Ko da kina ƙarama haka kike, in na yi faɗa sai ki gudu gidansa.

Yanzu yaran da ke koyon kiɗa suna shigowa shagona suna tambayar “muryar Bahago”. A shagona fa! Fitilun cikin Tsohuwa kuwa, masu ba ta murya, sun fara mutuwa, irinsu sun yi wuyar samu. Ranar da ta yi shiru, shi ke nan, ba wanda zai san na taɓa kiɗa. Ki matsa, ki rage, ki yi duk dabarar da za ki yi, ki samar mata wuri. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Babanki


Zuwa ga 'yata Auta,

Ina yi miki fatan alheri da ƙoshin lafiya. Allah ya yi miki albarka, kin yi abin da na ce.

Sabon akwatin ya zo, ga sunan Tsohuwa a maɓallin farko, na Bahago a na biyu. Wallahi har aski na je na yi don in samu dalilin nuna shi. Na aika aka kira Bahago, na zaunar da shi a kujerar da ta fi kusa da lasifika, na taka maɓallina, na daki tsirkiya da duk ƙarfina.

Auta, ba ta yi gurnani ba. Murya ce mai kyau, mai ladabi, irin wadda za ka ji a kowane shago. Kin gaya min a takardarki cewa sai kin yanke shaƙewar kafin ta shiga ba tare da jinkiri ba, ni ne ban tsaya na karanta wannan layin da kyau ba. Sunanta ne kawai a wurin.

Sai Bahago ya karɓi jita, ya juya ta hagu kamar yadda ya saba, ya taka nasa. Ya saki tsirkiya yana jiran jelar amon nan, sai sauti ya tsaya cak. Ashe a nan kika samo wurin. Ya sake gwadawa, haka. Na zaci zai yi ƙorafi, na ma shirya amsa. Sai kawai ya shafa akwatin, ya ce yarinyarmu ta iya aiki, ya tashi ya tafi. Shi tasa amfilifayar ta ƙone tun bara, a akwatinki kaɗai ta rage, kuma na san haka lokacin da nake matsa miki.

Tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ki cire Tsohuwa, ki mayar masa da amonsa cikakke kafin ku fitar da akwatin kasuwa. Tawa tana nan da ranta, zan ci gaba da dukanta har fitilar ƙarshe. In kin zo hutu ki zauna kusa da ita ki ji da kunnenki, wannan ya ishe ni.

Amma ki sani har yanzu ina jin haushinsa. Kuma in kin zo, gidan nan za ki fara sauka, ba nasa ba.

Mamanki na gaisuwa.

Naki har kullum,
Babanki, Mai Jita