Igiyar Kawu da Haƙorina na Gaba

Kawu,

Gaisuwa da ladabi. Yaya ƙafarka, yaya jikin Inna? Cikin alhini nake sanar da dangi, ban da Inna, cewa haƙorina na gaba ya riga mu gidan gaskiya. Ya bar 'yan'uwa talatin da ɗaya.

Dokin da aka ba ni in horar a bargar nan ne ya cilla kai sama, ƙeyarsa ta same ni a baki. Mai barga ya ce in bai nutsu cikin mako guda ba, in tattara komatsaina.

Sai na tuna igiyar fatar da ka ɗinka ka cusa mini a jaka, wadda na ce maka littattafai sun ce ta ragwaye ce. Na ɗaura ta daga majayin sirdi zuwa ragama, na sassauta yadda ka koya mini: "Tuna masa za ta yi, ba shaƙe shi ba." Yanzu gogan yana ɗaga kai da lissafi, ni kuma ina nan bakin aikina.

Lafiyata lau, sanyi ne kawai ke shigowa ta giɓin. In da mai zuwa, ka ɗinko mini wata igiyar. Allah ya ja kwananka.

Kai ne da gaskiya, Kawu. Littattafan ba su taɓa hawa doki ba.

Ɗanka,
Mai Giɓi