Goron Bikin Na'ima

Dogo Tebo, Potiskum
Ranar Alhamis

Zuwa ga ɗana Muhammad Auwal,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aikin Abuja. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar uwarka Kellu da ta saba tashi da damina.

Na rubuto da ajamina na ba direban tirelar shanu, domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Kullum kana mitin.

Na ji ka kama hol don walimar 'yarka Na'ima. A bakin uwarka na ji, ita ma a bakin matarka. Yarinyar nan a gidana ta girma. Ina zaune a zaure yaron nan Abbas ya yi ta zarya, na kau da kai har ya ƙwace mini amaryata. Amma inda za a ciyar da mutane, ni ne na ƙarshen ji.

A ƙofar gidan nan aka yi naka, aka yi na ƙannenka. Tabarmi, rumfa, inuwar bishiyar maina, kuma ba wanda ya tafi da yunwa. An ce ka ce lungun ya yi ƙunci, ruwa yana kwanciya. Ruwan ai ba bana ya fara ba.

Ka kuma sani, jiya Laraba na riga na raba goro a Kasuwar Shanu. Dillalai 'yan'uwana, mahauta, masu lodi, Fulanin da ke kawo mana dabbobi, kowa ya karɓa ya ci ya yi addu'a. Ka soke hol ɗin nan.

Ka gaishe da yara.
Mahaifinka, Mala Kaumi

*

Ranar Litinin

Muhammad Auwal,

Salamu alaikum. Ya gida, ya gajiyar aiki? Allah ya sa kuna lafiya.

Saƙonka ya iso, ta wayar uwarka kamar kullum. Wai za ka aiko mini da 'yan katuna in zaɓi waɗanda zan ba, sauran kuma a shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida su ci nasu a can. Wato biki biyu ke nan: na masu turare da na masu kashin shanu a takalmi. Da kashin shanun nan ka yi karatun da kake taƙama da shi.

Na kasa zama, na hau Keke Napep na je na ga wurin da idona. Akwai sanyi, ban musa ba. Kujerun duk an lulluɓe su da farin ƙyalle kamar za a kai su maƙabarta. Tun daga get wani mai gadi ya tare ni yana tambayar wa nake nema. Ya ce ranar biki in babu kati, ko uban amarya ne sai ya tsaya a waje. Na ce to, kakan amarya fa? Ya yi dariya.

Ka tuna Bubayaro, abokina na ruga, wanda kake hawa wuyansa kana ƙarami? Bara ɗan wani dillali ya yi aure a irin wannan wuri. Uban ya ba Bubayaro goro da hannunsa. Mutumin nan ya wanke rigarsa, ya taso tun daga daji, aka tsayar da shi a get da sandarsa, yara masu ɗaukar hoto suna kallonsa. Na fito na same shi, muka tafi ba mu ci komai ba. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba.

Shi ne ya kawo wa Na'ima bijimi gudummawa. Ga shi can ɗaure a gindin maina, duk na fito sai mu haɗa ido. Mutum ya ci gorona, ya kawo bijimi, sannan in miƙa masa takardar da ba ya iya karantawa don wani yaro ya yarda ya wuce? Su kuma sauran, wa zan ba, wa zan hana? Goron nan sun riga sun tauna shi, Auwalu. Ba ni da hanyar karɓo shi.

Kada ka aiko katunan.

Mahaifinka

*

Ranar Alhamis

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. Ƙafar uwarka da sauƙi. Ni ne dai ba sauƙi, daga zaure in koma gindin maina, daga can in dawo zaure.

Me ya hana ka gaya mini Na'ima ce ta zaɓi hol ɗin? Kwanan nan ta daina tsokanata, in ta kawo abinci sai ta ajiye ta juya. Shekaranjiya ta durƙusa a gabana idonta a kumbure, ta ce in dai raina zai ɓaci ta haƙura, a yi a ƙofar gida. Na tambaye ta dalilin son wurin. Ta ce bikin ƙawarta aka yi a lungu, ruwa ya sauko, rumfa ta faɗi, amarya ta shiga mota da taɓo har gwiwa, hoton yana ta yawo a waya har yanzu. Ni ban ga abin kuka a taɓo ba. Amma ita ta gani, kuma aurenta ne.

Jiya kuma a kasuwa Bubayaro ya ja ni gefe. Wai ƙafa tana damunsa, ba zai samu zuwa ba, in yafe masa. Mutumin da ya wuni yana bin shanu a gabana. Ashe maganar ta kai masa, yana so ya sauke mini nauyi ne. Na ce masa in bai zo ba, ya kwance sansa ya tafi da shi, kuma kada ya sake yi mini sallama.

To ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba.

A yi a hol ɗin. Za a yanka bijimin a gida, mata su dafa a kai can. Amma ka gaya wa masu wurin, ranar nan mai gadinsu ya huta. Kujera ɗaya nake so, marar ƙyalle, a bakin get daga waje. Ni zan zauna. Ba zan shiga ba, ku sha sanyinku. Mai kati ya wuce. Wanda ya ci gorona ya wuce. Wanda ba shi da ko ɗaya, in na san fuskarsa, ya wuce.

Ka ƙara kujeru, domin a Potiskum ban san wanda ban sani ba.

Allah ya yi muku albarka, ya kai mu ranar lafiya.
Mahaifinka, Mala Kaumi