Kifin da Na Koya wa Ummi Kulsum

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Ayishetu, maƙwabciyata 'yar Kumasi, ta tsayar da ni a bakin lifta ta miƙo mini wayarta. Bidiyo ne. Ummi Kulsum na buɗe takardar foyil, ga kifin salmon guda cike da shinkafa da alayyahu, tururi na tashi. A ƙasa ta rubuta: "Kifin Ummi, gadon kakata."

Kakarta, wai.

Haɗin Innata ne, Allah ya ji ƙanta. Da shi take cika cikin karfasar dam ɗin Tiga in Baba zai yi baƙi. Shekara biyu na yi ina gwada shi a kan salmon kafin daddawar ta daina danne kifin. Ummi kuwa wata biyar ta yi a kan katifata a nan unguwar Al Khabaisi da ta zo da bizar ziyara. Ni na nuna mata yadda ake zare ƙaya. A watan Agusta ta koma unguwar Al Buteen, lambobin masu ba ni odar ƙarshen mako suka bi ta.

Talata, 8 ga Oktoba

Wai Ummi har cewa take ni ce nake yanka mata albasa. A ɗakin gwajin jini da nake aiki sau biyu na rubuta suna ɗaya a kwalbar jini, sai da na sake. Ba zan bari yarinyar nan ta ja mini kora ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Hajiya Maimunat, uwar ƙungiyarmu ta matan Arewa, za ta yi sunan jikarta ranar Asabar 19 ga wata. Ta ba Ummi aikin kifin. Shekara uku ni ke yi mata.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ummi ta kira. Sai da ya kusa tsinkewa na ɗauka.

"Yaya Saratu, ina wuni," da wannan muryar tata ta marainiya. Ta tambayi aiki, ta tambayi ciwon bayana. Can ta zo kan abin da ya kawo ta: Hajiya babban kifi take so, mai kilo huɗu, ita kuma ƙanana ta saba gasawa. Minti nawa zai yi a obin?

Awa ɗaya da kwata yake yi, a rufe, sannan a buɗe shi minti goma fatar ta yi ja.

Na ce mata minti arba'in. Na ƙara da cewa kada ta kuskura ta soke shi da wuƙa don dubawa, ruwansa zai tsiyaye. Ta ce Allah ya bar zumunci. Na ce amin.

Na kashe wayar.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na yanke shawara. Zan kai nawa kifin a matsayin gudummawa, a ajiye shi da nata a tebur ɗaya.

Laraba, 16 ga Oktoba

Gwaji. Daga unguwar Port Saeed na wuce kasuwar kifi, na zaɓi mai ido garau da jan maƙogwaro. Bai shiga tiren ba sai da na lanƙwasa shi, jelar ta ɗan ƙone. Shinkafar ma ta yi laushi da yawa, ranar Asabar rabin dahuwa zan yi mata kafin in cusa. Attaruhu uku, ba huɗu ba. Citta, masoro, lemun tsami a ƙarƙashin fata.

Ayishetu ta shigo, tunda a kicin ɗin otal take aiki na ce ta ɗanɗana. Ta ci, ta lashe yatsa, ta dube ni. "Sista, abincin ya yi. Fuskarki ce ba ta yi ba." Ban gaya mata zancen minti arba'in ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na goge leshina ruwan toka. Gobe.

Asabar, 19 ga Oktoba

An yi.

Falon Hajiya ya cika da mata, har da baƙi daga Sharjah. Ummi ta shigo da tirenta, fatar kifin ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta jera masa yankan lemu da rumman. Aka yi ta ɗaukar hoto. Na ajiye nawa a ƙarshen tebur, a rufe, na je na ɗauki jaririya.

Hajiya da kanta ta sa wuƙa. Sama ya ɓare lafiya. Da ta kai tsakiya sai wuƙar ta tsaya. Ɗanye shar, yana sheƙi, shinkafar cikin kuma da sanyinta. Surukar Hajiya ta riga ta kai loma baki, ta nemi tishu ta mayar.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. "Ummi, da kin ce ba ki iya ba ai da ba a yi haka ba. Khalas, shi ke nan, a ɗauke."

Sai na ce, kamar yanzu na tuna, "Hajiya, ga ɗan abin da na zo da shi." Aka buɗe. Ƙamshin daddawa ya cika falon. Cikin minti goma sha biyar ba abin da ya rage sai kai da ƙashin baya. Wata ta tambaya a ina na koya. Na ce wurin mahaifiyata, na kuma faɗa da ƙarfi yadda za a ji har kicin.

Ummi ta fito ɗauke da tirenta, ta bi ta gabana. Na shirya amsa in ta tona. Ta dube ni kawai, ta ce, "Sai anjima, Yaya."

Mutum bakwai suka karɓi lambata. Biyu a cikinsu nawa ne na da.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi barci har goma. Maganinta ke nan.

Talata, 22 ga Oktoba

Ayishetu ta kawo labari. Ashe mijin Hajiya ya yi niyyar ɗaukar Ummi a ƙaramin gidan abincin da zai buɗe, ya yi mata bizar aiki. Kifin sunan shi ne gwajin. Yanzu an fasa. Bizarta ƙarshen Nuwamba za ta ƙare.

To ni na ce ta saci haɗin Innata?

Ayishetu ta ce abin da ya ba ta mamaki, yarinyar da ta zauna da ni wata biyar ta yi irin wannan kuskuren. Na ce mutane sai a hankali. Ta daɗe tana kallona kafin ta tafi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ummi ta goge bidiyon. Har yau ba ta gaya wa kowa ba. Me take jira? Da ta yi mini rashin kunya da na san inda zan sa kaina.

Yara biyu ta baro wurin uwarta a Gwammaja. Ba matsalata ba ce.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bayan an tashi aiki na biya gidan Hajiya karɓo tirena. Tiren kawai. Ta zaunar da ni da shayi, tana cewa daga yau duk hidimarta tawa ce, 'yata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce lokacin gashin ni na ba Ummi, kuma da gangan na rage.

Hajiya ta ajiye kofi. "A sunan jikata, Saratu?" Ta ce in ɗauki tirena. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Ban ce na yi nadama ba. Abin da Ummi ta yi, ta yi shi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Hajiya ta sake ba Ummi dama, ranar Asabar mai zuwa, kifi ɗaya ga mijin da abokansa. Ni kuwa an cire ni daga masu girkin ƙungiya, saƙon ya shigo da safe.

Na tura wa Ummi: "Awa ɗaya da kwata a rufe, minti goma a buɗe. Ki soke shi ki duba." Babu sallama. Bayan la'asar ta amso: "Obin ɗina ba ya kai zafin."

Ƙarya take ko gaskiya, oho. Na ce ta zo nan ƙarfe tara ranar Asabar, ta zo da kifinta da foyil ɗinta. Daddawa kada ta saya, ina da ita, ta kasuwar nan ba ta da kyau.