Yaya Haruna, an buɗe iyaka ba ka nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ina rubuto maka daga Dakoro, daga tsakar gidanmu da ya yi mini faɗi.

Yau na koyar da darasin da nake gudu duk shekara, na haɗin kan ƙasashen Afirka. Na rubuta a allo: kasuwa ɗaya, kuɗi ɗaya, hanya a buɗe. Yara suna kwafa, ni kuwa hankalina yana wurinka.

Na tuna lokacin da nake ɗaliba a lakwal, ka dawo daga tafiya hannunka duk baƙin mai, ka ɗauki littafina ka ga taswira. Ka ɗora yatsa a kan jan layin iyaka da ke ƙasan Maradi, ka yi dariya, ka ce: "Ramatu, na bi ta nan har na gaji, ban taɓa ganin wanga layi ba. Igiya ce, da mutum zaune a inuwa."

Kai direban kamyo ne, babbar motar kaya, ba ka yi karatu mai nisa ba, amma ba ka gajiya da wannan magana. Raguna kake ɗauka daga kasuwar Dakoro har Legas, kana jin haushin yadda suke ramewa a hanya. Kullum kana cewa wata rana a nan za a yanka, a nan za a jeme fata, a ɗinka takalma, mutanen bakin teku su saya da sunanmu a jiki. Inna takan ce ka ci tuwonka tukuna kafin ka gyara duniya.

Ko matarka daga ƙetaren iyaka ka ɗauko ta. Ranar da aka kawo Hindatu daga Jibiya, ba wanda ya ce baƙuwar wata ƙasa ce. Miyarta ce kawai muka ce ta cika mai.

Sai aka rufe iyaka da damina, kana bakinta da mota cike da ragunan mutane. Wasu direbobi suka bar motoci suka dawo gida. Na kira ka na roƙe ka, ka ce dabbobin amana ne, akwai na wata tsohuwa daga Birnin Lalle, kuma gobe ko jibi za a buɗe. Kana nemo musu ciyawa, kana kwana ƙarƙashin mota, sauro yana cin ka. Ka ɓoye mana zazzaɓin. Da abokanka suka kai ka gidan likita a Maradi, ba ka gane kowa. Na iso na tarar an rufe ka da zane.

Ba a buɗe gobe ba, Yaya, ba a buɗe jibi ba. Inna ta bi ka kafin a buɗe.

Da Hindatu ta gama takaba, mahaifinta ya zo ya tafi da ita da yaranka, Abba da Nana. Ban hana ba, da wane baki zan hana? Na riƙe Nana a ƙofar gida har direba ya gaji da jira.

Na je na gan su bara. Abba ya yi tsawo, tafiyarka sak. Nana ta yi mini waƙar makarantarsu da Ingilishi, ban gane ko kalma ɗaya ba, na tafa mata. Da na tambaye ta lakwal, sai ta ce: "Gwaggo, makaranta ake cewa." Na yi dariya a gabansu. A mota na yi kukana, fuskata a taga.

Akwai labarin da za ka so. Ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano, an ce har Maradi za ta zo. Daga motar na hango inda ake ta aikin ƙasa, na juya zan nuna maka. Yau wata ɗaliba ta tambaye ni yaushe duk abin da na rubuta a allo zai tabbata. Na ce ban sani ba, wataƙila sai sun yi furfura, amma na san wani da bai taɓa shakka ba. Ban iya faɗin sunanka ba.

Hindatu za ta yi aure bayan salla, mutumin kirki ne, na sa albarka. Ta yi alkawarin turo mini yara hutu. Sai dai hutunsu da namu ba su cika haɗuwa ba, kuma kowa yana tsoron hanya. Duk da haka na share ɗakinka, na sayi gidan sauro sabo mai cin mutum biyu.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Inna a inda ba mai tsayar da kowa. Allah ya raya Abba da Nana, ya sa kada su manta hanyar Dakoro.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Ramatu